Sawun da Ya Waiwaya

Da gari ya waye aka tarar da ƙofar ɗakin magani a wangale, an ɓanɓare kwaɗon da ƙarfe, firji kuma wayam. Akwatin da ya kwana a ciki ya yi ɓatan dabo. Jini ne a akwatin, cikin ƙananan kwalabe masu hatimi, na kowane ɗan tsere da ke sansanin horon.

Jiya da la'asar wata jami'a daga hukumar da ke gwada 'yan wasa ta diro babu sanarwa, ta jera su, ta ɗebi jininsu ɗaya bayan ɗaya don a duba ko akwai mai amfani da maganin ƙara kuzari. Ta so ta juya a ranar, sai sama ta tsinke da ruwa, kogi ya haɗiye gada. Dole ta kwana, dole akwatin ya kwana a firjin Likitan sansanin. Da safe 'yan sanda suka iso bakin kogi daga can ƙetare, suka tsaya suna kallon ruwa kamar yadda kowa ke kallonsa. Shi ya sa aka aika cikin garin da ke wannan gefen kogin a kira Mai Bin Sawu.

Dattijo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin gandun daji, yana bin mafarauta da ɓarayin dabbobi. Kullum kansa a sunkuye yake tafiya, har matarsa takan ce in ta ɓata a kasuwa da ƙafarta zai gane ta, don fuskarta kam bai taɓa kallo ba. Bai san komai game da tsere ba, bai kuma ɓoye hakan ba. A ganinsa mai hankali ba ya gudu sai an biyo shi.

Jami'ar ta tare shi a bakin ƙofa, ta ja shi gefe.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," ta ce. "In akwatin nan bai fito ba, a kan mutum ɗaya abin zai ƙare. Ga shi can."

Ta nuna wani siririn saurayi da ke zaune a kan benci, ya zuba wa ƙasa ido.

"Kunkuru suke ce masa, don a da shi ne kullum na ƙarshe. Bana ya wuce kowa a tseren mita ɗari takwas, sati mai zuwa kuma zai hau jirgi zuwa gasar duniya. Kowa a nan ya ce shi kaɗai ke da dalilin tsoron kwalaben nan. Ko dai akwatin ya fito ya wanke shi, ko kuma tafiyar ta sha ruwa, gudun ma gaba ɗaya ya haƙura da shi."

A bayan saurayin akwai wani a tsaye, ya ɗora masa hannu a kafaɗa. Yayansa ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ɗakinsu ma ɗaya. Ja-gaba ake kiransa da sunan aikinsa: shi ke shiga gaba a tsere ya ja sauran, ya tare musu iska. Bai taɓa cin tsere ba, ba kuma don ya ci aka ɗauke shi ba.

*

A ɗakin cin abinci gardama ta riga ta kaure. Mai ɗaga murya shi ne Dogo, wanda ya riƙe kambun sansanin kafin Kunkuru ya sauke shi.

"Mu fa ba yara ba ne," in ji Dogo. "Shekara nawa ina cin ƙurar filin nan kafin in rage ko ƙiftawar ido a lokacina? Shi kuma a damina ɗaya, mutumin da muke gama shan ruwa kafin ya iso, shi ne yanzu zai gama tsere ya juyo yana kallonmu ko haki babu. Ruwa ba ya tsami banza."

Likita yana zaune a ƙarshen tebur yana goge tabarau. Mutum ne mai sanyin murya, irin wadda ke sa marar lafiya ya ji ya warke tun kafin a taɓa shi.

"Hassada ga mai rabo taki ce," ya ce. "Yaro ya girma, ƙirjinsa ya buɗe. An gyara masa abinci, an gyara masa horo, an ba shi takalmin zamani. An sha ganin wanda bai buɗe ba sai daga baya."

"Takalmin nan duk mun sa, Likita. Ni ban da kanta babu abin da ya ƙara min."

Aka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba.

"Sau nawa aka gwada shi?" in ji Likita. "An taɓa samun wani abu?"

"An taɓa samun wani abu a jinin Walƙiya?" in ji Dogo.

Wani ya ajiye cokali a hankali. Mai Bin Sawu ya tambaya waye Walƙiya, kowa ya samu abin kallo a cikin kwanonsa. Bai sake tambaya ba. Ya roƙi a hana kowa taka filin sai bayan la'asar, ya fita.

*

Ruwan ya ɗauke kafin asuba, ya bar jar ƙasa da laushi, irin wadda ko ƙadangare ya ratsa sai ta faɗa. Daga ƙofar ɗakin magani sawu ɗaya ne ya fita: takalmin gudu mai ƙusoshi, an yanke masa wani ɗan tsagi a diddigen hagu. Mai shi yana ɗauke da kaya, don ya nutse fiye da yadda girman ƙafar ya kamata.

Dogo ya biyo shi a baya don son ganin ƙwaƙwaf. Da ya leƙa sawun sai ya ja da baya, fuskarsa ta canza.

"Baba, wannan takalmin Walƙiya ne. Shi ke yanka diddigen takalminsa haka don kada a musanya masa."

"To ina yake?"

"Ya rasu bara."

Sai a lokacin aka ba shi labarin. Walƙiya ma haka ya tashi farat ɗaya, ya kafa tarihin da har yau ba a karya ba. Ba a yi wata ba ya kwanta lafiya lau, da safe aka tashe shi bai tashi ba. Likita ya ce zuciya ce. Aka rataye takalminsa a ƙusa a bakin ɗakin kwanan 'yan tsere, babu mai taɓa shi, ko mai shara kewaye wajen yake yi.

Suka je. Takalmin na nan a ƙusarsa, igiyoyinsa a ɗaure yadda aka bar su. Sai dai a jiƙe yake sharkaf, jar laka tana ɗiga daga ƙusoshinsa tana taruwa a siminti.

Tsigar jikin Mai Bin Sawu ta tashi, kuma ya ji haushin tashinta. Ya sha kwana shi kaɗai a daji inda kuraye ke kuka, bai taɓa jin sanyi a bayan wuyansa irin na yau ba. Ya tuna wa kansa cewa matacce ba shi da nauyin da zai nutse a laka, ya koma kan aikinsa.

Sawun ya gangara filin tsere. Tsakiyar filin ta zama tafki, don haka mai gudun ya bi ta kan hanyar tseren, ya manne wa layin ciki, ya sha kwana. Takun nan daidai wa daida yake, kamar an auna da sanda, babu wanda ya fi wani tsawo. Dattijon bai taɓa ganin ɓarawo mai gudu da natsuwa haka ba. Can a miƙen hanyar da ke ɗaya gefen sai sawun ya bar layin ciki, ya karkata dama, ya rage sauri, ya tsaya. Diddigen biyu suka murza ƙasa. Mutumin ya juya ya kalli bayansa.

Mai Bin Sawu ya koma da baya, ya duba ƙasar nan tun daga kwana, a tsugune. Babu sawu na biyu. Babu na kare, babu na mutum. Wanda ya tsaya ya waiwaya, ya kuma kauce ya ba da hanya, babu kowa a bayansa. Wannan ya fi takalmin da ke ɗiga ba shi tsoro.

Daga nan sawun ya hau matakalar siminti ta 'yan kallo ya ɓace.

*

Ya fara da Dogo, don mai yawan zargi yakan zama yana rufe wani abu. Akwai laka a wandonsa, kuma an ga ya fita tun duhu bai gama washewa ba. Dogo bai yi musu ba, ya ce titi ya fita gudu kamar kullum. Sai ya cire silifas ya ajiye ƙafarsa kusa da sawun. Ƙafar nan kamar faranti take, ko da an shafa mata mai ba za ta shiga takalmin mamacin ba.

"Ni da nake addu'a a kai jinin nan a gwada, ni zan sace shi?" in ji Dogo. Ya rage murya. "Baba, ka tambayi kowa. Tun farkon damina muke jin tafiya a bayan ɗakunan kwana. A je, a dawo. A je, a dawo. Babu mai leƙawa. Haka muka riƙa ji bara kafin Walƙiya ya tafi, da ya tafi ta ɗauke. Yanzu ta dawo."

Bayan ɗakunan wani siririn lungu ne tsakanin bango da katanga, rufin kwano ya kare shi daga ruwa. Nan dattijon ya tarar da abin da bai taɓa gani ba sai a gidan namun daji, inda aka kulle kura a keji. Ƙafa ce tsirara ta je ta dawo a jikin bangon har ta haƙa 'yar hanya. Tafiyar ba ta mai ƙarfi ba ce, yatsun na jan ƙasa. A wasu wuraren kuma akwai sawun silifas a gefe, manne da ita. Bai ba wa silifas ɗin muhimmanci ba, don lungu ne da kowa kan bi ya je shanya.

Ƙafar tsirarar ya sani. Ya gan ta ɗazu a ƙarƙashin benci.

Ya samu Kunkuru a ɗakinsu, zaune a bakin gado, Ja-gaba na jingine da taga. Da suka gaisa hannun saurayin sanyi ƙalau, fuskarsa kuwa ta yi wani irin duhu mai ja, kamar wanda ya daɗe a bakin murhu. Yana ta hamma yana dannewa.

"Ɗana, me kake nema a lungu da dare?"

"Barci ne ba na samu, Baba."

"Ka samu jiya?"

"Yana ɗaki jiya," in ji Ja-gaba. "Ni shaida ne."

"Shaidar ɗan'uwa ai ba ta da tsada," dattijon ya ce. Ya koma kan Kunkuru. "Kai ka ɗauki akwatin?"

"Wallahi ban ɗauka ba." Ya ɗago ya dubi dattijon. "Baba, shekara da shekaru ina kallon bayan mutane. Mahaifiyarmu ta daina zuwa kallo don kada ta ji ana kirana Kunkuru. Yanzu da Allah ya ɗaga ni sai a ce ba ni ba ne? Ka nemo akwatin nan. Ni na fi kowa son ya fito."

Mai Bin Sawu ya fito da tabbacin cewa ya samu ɓarawonsa. Ƙafar za ta shiga takalmin, dalili ga shi a fili, yawon dare ga shi a ƙasa. Biri ya yi kama da mutum. Abin da bai zauna masa ba shi ne rantsuwar, don yaron ya yi ta ne kamar wanda ya san kwalaben ba za su taɓa cutar da shi ba.

*

Ƙishirwa ce ta kai shi kicin. Inna mai girki, wadda ta girmi ginin sansanin da kansa, tana faɗa ita kaɗai, tana dukan tukunya da ludayi kamar ita ta yi mata laifi.

"Kowa akwati, akwati," ta ce. "Ni tawa satar wa ya tambaya? Ƙanƙarar da nake ajiye wa yaran nan su tsoma ƙafa bayan horo, buhu guda cikin dusar katako, an ɗauke. Sai anjima su zo suna min kukan gwiwa."

"Yaushe aka ɗauke, Inna?"

"Jiya da na rufe tana nan. Ni dai na ce ba firjin Likita zan kai namana ba, ko ƙanƙara ta ƙare. Firjin nan aljanu gare shi. Sai ya shekara yana aiki lafiya, ranar da baƙi suka bar akwatinsu a ciki ranar zai mutu. Bara ma haka aka yi, aka ce jinin ya lalace da zafi, sai an sake zuwa. Kafin a sake zuwa yaron mutane, Walƙiya, ya riga ya tafi."

Dattijon ya ajiye kofin bai sha ba. Wanda ke son jini ya lalace rana kawai yake buƙata, ga ta nan kyauta. Me zai yi da buhun ƙanƙara?

Ya koma matakalar siminti inda sawun ya ɓace masa, ya daina neman ƙafa. A tsagin matakala ta uku ya ga ɗan ɓurɓushin dusar katako a jiƙe. Ya ga wani a sama, wani a bayan katanga, wani a kan ganyen ciyawa. Suka kai shi wani tsohon ɗakin injin ruwa da aka gina a kan rijiya, wanda aka daina amfani da shi. Ciki duhu da sanyi, ga ƙarar ɗigar ruwa daga can ƙasa. A kusurwa akwatin yake, an kewaye shi da ƙanƙara ta ko'ina, an lulluɓe shi da rigar sanyi, an ma cusa gefen rigar a ƙarƙashi yadda ake yi wa jariri.

Bai taɓa shi ba. Ya je ya kira Jami'ar ita kaɗai. Ta duba hatimin kwalaben ɗaya bayan ɗaya, ta ce babu wanda aka fasa, ta sauke ajiyar zuciya. Sai ya gaya mata abin da ya gani a lungu, ya ce ko ta san ciwon da ke sa saurayi ya kwana yana safa da marwa.

Ta rufe akwatin a hankali.

"Akwai wata allura," ta ce. "Tana ƙara wa mutum jini, ya yi gudu ba gajiya. Amma jinin kauri yake yi. Ɗan tsere kuma in ya yi barci zuciyarsa a hankali take bugawa. To wani lokaci sai ta kasa tura shi. Masu yin ta sun sani, shi ya sa suke tashi cikin dare su yi ta tafiya, don kada barcin ya yi nauyi."

"In ba su tashi ba fa?"

Ta kalli takalminta. Nan dattijon ya tuna yadda aka tarar da Walƙiya.

*

Ko gobara ake yi, in lokacin horo ya yi sai Koci, mai horar da su, ya busa usur. Bayan la'asar aka saki filin, 'yan tsere suka jeru. Mai Bin Sawu ya zauna a matakala, ransa a jagule. Ya samu akwati, ya rasa ɓarawo. Kunkuru ba zai adana abin da zai tona masa asiri ba, Dogo kuwa ƙafa ta fitar da shi.

Aka busa, suka zuba. Ja-gaba ne a gaba, ya manne wa layin ciki, sauran sun jeru a bayansa, ƙaninsa na dab da diddigensa. Dattijon bai kalli fuskar kowa ba, ƙafafu yake kallo kamar yadda ya saba. Na baya suna ƙara taku suna ragewa, suna neman wuri. Na gaban nan kuwa takunsa ɗaya ne, kamar an auna da sanda.

Suka zagaya, suka sake shan kwana, suka shiga miƙen ɗaya gefen. Nan Ja-gaba ya bar layin ciki, ya karkata dama, ya rage sauri, ya tsaya. Ya juya ya kalli baya, yana duban ƙaninsa ya wuce.

Mai Bin Sawu ya sauka ya taka har wajen. Sabon sawun ya faɗa kusan a kan na safe, murzar diddigen iri ɗaya. Ya tambayi Koci ko kullum a nan yake fita.

"Kullum," in ji Koci. "Nan aikinsa yake ƙarewa. Ko cikin barci ka sa shi a filin nan, a nan zai kauce."

Dattijon ya ji tausayi ya kama shi, irin wanda bai saba ji wa waɗanda yake bi ba.

*

Kafin magariba aka tara kowa a ɗakin cin abinci. Jami'ar ta shigo da akwatin ta ɗora a tebur, ta dafa shi da hannu biyu. Likita ya miƙe da fara'a, ya ce a kawo ya mayar firji tun bai ɗumama ba.

"Bar shi a nan, Likita," ta ce. "A ɗakina zai kwana."

Ya zauna. Tabaran ya sake cirewa, amma wannan karon bai goge ba.

Mai Bin Sawu ba gwanin jawabi ba ne. Ya ce takalmin mamaci rayayye ne ya sa shi, don ya san babu mai ƙarfin halin bin sa. Ya ce ɓarawon bai zo lalata jini ba, ya zo ne ya raba shi da firjin da ke mutuwa. Ya ce da farko ya ɗora wa Dogo, sannan ya ɗora wa Kunkuru, duk ya yi kuskure, su yafe masa.

"Mutumin yana ɗauke da akwati da buhu, cikin duhu, babu kowa a bayansa," ya ce. "Amma da ya iso inda ya saba ba da hanya, ƙafarsa ta ba da hanya, wuyansa ya juya ya duba ƙaninsa. Sabo ne ya kama shi, ni bin sa kawai na yi."

Duk ido ya koma kan Ja-gaba. Bai motsa ba.

"Ni ne," ya ce. "Na so in ajiye mata shi a mota da safe, in ta tashi tafiya ta gan shi. Sai gada ta hana."

Kunkuru ya miƙe a hankali. Ya dubi akwatin, ya dubi Likita da ya kau da kai, sannan ya dubi yayansa. Kowa a ɗakin ya ga lokacin da ya gane cewa wannan karon jinin zai isa inda za shi da sanyinsa.

"Yaya," ya ce. "Kai?"

"Ni."

"Ka san abin da ke cikin kwalbar nan. Kai ka riƙe min hannu ranar da Likita ya fara yi min allurar. Sati ɗaya ya rage, Yaya. Sati ɗaya kacal, in je in dawo, in daina. Me na yi maka?"

"Shekaranjiya na makara," in ji Ja-gaba. Muryarsa ba ta tashi ba. "Tun farkon damina ni ke tashinka, in riƙe ka mu yi ta zagaya lungu. Shekaranjiya barci ya sace ni. Da na farka na girgiza ka, na kira ka, na mare ka, ba ka motsa ba. Na ɗauke ka na tsayar, ƙafafunka na lanƙwashewa. Kai ba ka ma tuna ba, da safe ka tashi kana tambayata me ya kumbura maka kunci. Ni na fara shiga ɗakin Walƙiya ranar nan, na san yadda ake tarar da mutum." Ya dubi ƙaninsa. "Jirgin nan kujera ɗaya aka ba mu, ba a tafiya da ja-gaba. In ka je can, wa zai tashe ka?"

Dogo, da ya yi wata da watanni yana jiran wannan rana, ya sunkuyar da kai kamar shi aka kama. Inna ta ja gefen zanenta ta rufe baki.

"Da ka bar ni na mutu a can," in ji Kunkuru, "da an daina ce min Kunkuru."

Ya fita, bai rufe ƙofar ba.

*

Fasa ƙofa laifi ne ko da wace niyya aka yi shi. Jami'ar ta ce dole Ja-gaba ya kwana a kulle a sito, Likita kuma a ofishin Koci, har ruwa ya janye 'yan sanda su ƙetaro, a kuma samu motar da za ta kai Kunkuru asibiti. Aka ba Mai Bin Sawu mabuɗin siton, tunda shi ne baƙo kuma ba shi da ɓangare.

Rana na faɗuwa ya raka Ja-gaba har ciki, tsakanin tsofaffin katifu da shingayen tsalle. Ya juya zai ja ƙofa sai saurayin ya riƙo hannun rigarsa.

"Baba, kana da nauyin barci?"

"Tsoho ina ya ga barci?"

"To don Allah ka kwana a ɗakinmu. Gadona na nan. Ba zai so ganinka ba, kada ka kula shi." Yana magana da sauri, kamar mai ba da sallahu a tasha. "Kada ka bari ya yi nisa. In ka ji numfashinsa ya yi ƙasa, kada ka tsaya kiran sunansa, ba ya ji. Ka zaunar da shi da ƙarfi, ka sa kafaɗarka a hammatarsa, ku fita lungu. Ka ba shi ruwa ko ya ƙi. Zai yi nauyi da farko, kada ka tsorata."

"In ya ƙi tashi fa?"

"Ka mare shi. Zai zage ka, Baba, zagi mai muni, har da iyaye." Ya saki rigar. "In ka ji ya zage ka, ka gode wa Allah."